Dalilin da ya sa ƙungiyar gama-kai ke sayen wake ta bar tumatir

Duk inda ma'aikata suka kafa ƙungiyar gama-kai, a makaranta ne ko asibiti ko wata ma'aikata, akwai ƙorafin da ba ya wuce babban taron shekara. Wata Hajiya za ta miƙe ta ce: "Malam Shugaba, shinkafa da sukari da mai kun kawo, Allah ya saka da alheri. To kayan miya fa? Su ne ke cinye mana kuɗin cefane kullum. Me zai hana ku sayo mana tumatir da attaruhu tun daga gona?" Shugaba zai ce za a duba, a tashi taro, baɗi kuma jerin kayan yana nan yadda yake.

Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsar da ta fi "za a duba". Kwamitin saye mai hankali ba don lalaci yake barin tumatir ba. Akwai lissafi a ciki, kuma lissafin ya taso ne daga abu guda: a shagon ɗan kasuwa mai kaya daban, mai saye daban, amma a gama-kai mutum ɗaya ne. Da kuɗin da aka yanka daga albashin mamba aka je kasuwa, shi zai ci abin da aka kawo, in ya lalace kuma daga aljihunsa ne. Babu wani bare da za a jibga wa asarar. Shi ya sa ƙungiya ba ta fara da tambayar me zai kawo riba. Tana fara da wane kaya ne zai jira har a gama raba shi, wanne ne za ta iya tsaya wa in mamba ya dawo da ƙorafi, kuma su waye a cikin mambobi kayan zai yi wa rana. A ganina, ƙungiyar da ta san abin da za ta ƙi saye ita ce ke daɗewa.

Haka abin ya faro tun asali. A ranar 21 ga Disamba 1844, mutum 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe ɗan shago a layin Toad Lane da ke garin Rochdale a Ingila, shagon da ake ɗauka a matsayin tushen gama-kai na zamani. Kayan da suka fara da su ba su taka kara sun karya ba: garin alkama, garin wani hatsi na ƙasarsu, sukari, man shanu da 'yan kyandira. A zamanin nan masu shaguna kan gauraya gari da alli, su kuma tauye awo. Alƙawarin masaƙan nan shi ne kaya marar gauraye, awo cikakke, kuɗi hannu. Sun zaɓi abin da kowane gida ke ci, wanda ba ya lalacewa da wuri, wanda kuma aka fi cutar talaka a kansa.

Mu dawo kan lalacewa, domin a nan tumatir ke faɗuwa. A ce kwamiti ya tafi Kwanar Gafan, kasuwar tumatir da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, ya sayi kwando 50 a kan naira 10,000 kowanne. Mota da dako da la'ada suka ci 50,000. Jimla 550,000. Kwandon tumatir na kaba ne, ana ɗora wani kan wani, na ƙasa yana ɗaukar nauyin na sama, ga zafin rana. In kashi ɗaya cikin biyar ya fashe ko ya ruɓe kafin a gama rabo, saura abin da ya kai kwando 40, kowanne ya tashi a 13,750. Arahar da aka je nema ta riga ta zube a bayan mota. Ɗan gwari a kasuwar Yankaba ta Kano ya san yadda zai fita daga wannan: da safe ya sayar da mai kyau da tsada, da la'asar ya karya farashi, wanda ya fashe ya tattara wa masu abincin sayarwa. Ƙungiya ba ta da wannan ƙofar. Kowa kuɗi ɗaya ya biya, to wa za a ba kwandon ƙasa? Sannan mambobi ma'aikata ne: wani yana aji, wata tana aikin dare, wani ya yi tafiya. Buhun gero zai jira mutum wata guda a sito. Tumatir ba zai jira shi kwana uku ba.

Saboda haka kaya sukan kasu a idon kwamiti gwargwadon haƙurinsu. Shinkafa, gero, dawa, masara, sukari, man girki da taliya su ne 'yan gaba. Albasa da doya da dankalin Turawa suna tsakiya: za su yi makonni in an samu wuri mai iska, amma kullum nauyinsu raguwa yake, kuma albasa ɗaya da ta ruɓe a tsakiyar buhu tana jan na kusa da ita. Mai duba albasar Aliero ko ta Galmi wuyanta yake fara matsawa. In wuyan bai bushe ya tsuke ba, ba ta ajiya ba ce, komai kyan jikinta. Tumatir, attaruhu, tattasai ɗanye, alayyafo, mangwaro da ayaba su ne na ƙarshe, ga kuma matsalar kabayid ɗin da wasu ke nunar da 'ya'yan itace da shi, wanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansa.

Wake ne ya fi ba kwamiti aiki, kuma shi ya fi nuna amfanin gama-kai. Kowane gida yana buƙatarsa, ga ƙosai da alale, ga shinkafa da wake. Amma ƙwaro yana shiga wake tun a gona, ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe a cikin buhu. In ba a yi komai ba, cikin 'yan watanni ya huje shi ya bar gari. Wannan ya sa wasu masu ajiya ke yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper. Abin bai tsaya a jita-jita ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin da ke cikin irin waɗannan magunguna, kuma an yi ta tsawaita hanin. Matar gida da ta auno kwano biyu a kasuwa ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Abin takaici ma, waken da ya fi kyan gani a tsakiyar damina, babu huji ko ɗaya, shi ya kamata a fi yi wa tambaya.

Ƙungiya kuwa tana da hanya. Tana iya sayen sabon wake da kaka, kafin ya shiga hannun masu ajiya, ta zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban. Ƙwaron da ke ciki yana shanye ɗan iskar da ta rage ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Dabarar ta samo asali ne daga binciken da aka yi a arewacin Kamaru tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, kuma tun 2007 aka fara yaɗa ta a Afirka ta Yamma. Sharaɗinta biyu: waken ya bushe sarai, kuma kada ɓera ya huda ledar. Ko da waken ƙungiya ya zo daidai da farashin kasuwa, mamba ya ci riba, domin ya san abin da 'ya'yansa suka ci.

Gyaɗa da masara su ma suna da tasu gubar, sai dai ita ba zubawa ake yi ba, fitowa take yi. In an tara su da danshi sai funfuna ta kama su, ta bar wata guba da masana ke kira afilatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana cin hanta sannu a hankali. A Kenya a 2004 masarar da ta gurɓata da ita ta kashe mutum 125. Masarar ajiya ana son danshinta ya sauko kusan kashi 13 cikin 100. Akwai ɗan na'urar auna danshi da ƙungiya za ta iya saye sau ɗaya ta yi shekaru tana amfani da ita. In babu, tsofaffin 'yan kasuwa da haƙori suke gwadawa: ƙwayar da ta bushe tana fashewa ƙas, mai danshi kuwa sai haƙori ya nutse. Wasu su zuba ƙwaya da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba su girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da saura. Wanda ya yi gaggawar sayen masarar farkon kaka don arahar ta, rabin arahar ta danshi ce, domin buhun zai ragu yana bushewa.

Duk wannan dubawa da hannu ake yin ta. A Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, mai saye na gaske ba ya yarda da bakin buhu. Yana soka ƙarfen ɗiba a sama da tsakiya da gindi, ya zuba a tafin hannu, ya hura ya ga ƙaiƙayi, ya baza ya ga tsakuwa da tsohon hatsin da aka cakuɗa da sabo, ya kai hanci ya ji ko akwai warin magani ko na rima. Dillali zai ce, "Alhaji, wallahi duk ɗaya ne, ɗauki kawai." Amsar ita ce, "Na yarda da kai, Malam, amma kuɗin jama'a ne. A zazzage mini uku in gani." Ba rashin yarda ba ne, sunna ce ma. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin tulin abinci, ya sa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya dake shi. Sai ya ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, domin wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Awo ma haka. Ana cewa buhu kwano arba'in ne, amma kwanon wa? Na wani gari ya fi na wani, wani ya auna ya tara hannu a baki, wani ya share, wani ma gindin kwanonsa a buge yake. Ƙungiyar da ke son zaman lafiya ta sayi sikeli, ta saya da kilo ta raba da kilo, a gaban kowa.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kowacce haɗari. Kowa ya san hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya yi ta hawa har tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A kan wannan aka gina bankunan cimaka na ƙauyukan Nijar, kuma a kansa gama-kai ke zuba kuɗi da kaka. Yawancin shekaru lissafin yana fita. Amma ba wahayi ba ne. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100, kowa ya tsorata, da kaka ta zo mutane suka ruga suka tara hatsi da tsada. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta riga ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashi, maimakon ya hau, sai ya yi ta sauka, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Ɗan kasuwa in ya yi wannan caca da kuɗinsa ya yi. Ƙungiya kuwa in ta tara abin da ya wuce cin mambobinta don jiran tsada, ta bar aikinta ta shiga na wani, kuma da kuɗin marayu da 'yan fansho. In farashi ya faɗi, mamba zai ga shinkafar ƙungiya ta fi ta kasuwa tsada, ya ƙi ɗauka, kuma ba a isa a ga laifinsa ba. Mafita ita ce a karɓi sunaye da adadi tukuna, a sayi abin da aka rubuta da ɗan ƙari kaɗan, a tsaya nan.

Akwai wani abu da kwamitoci kan manta: azumi yana tafiya. Kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. A 2015 da 2016 a watan Yuni ya kama, lokacin da gero ya yi tsada, kayan gwari suka yi wuya. Dole a sayi geron kunu da waken ƙosai tun kaka a adana wata shida ko bakwai. A 2025 kuwa farkon Maris ya kama, hatsi bai daɗe da shigowa ba, noman rani yana kan ganiyarsa. Jerin kayan azumin da aka gada daga kwamitin shekara goma da suka wuce ba lallai ya dace da bana ba.

Rigimar da ta fi zafi a cikin gida take: kayan wa za a saya? Darakta yana son shinkafar kamfani mai tsawo, wadda ba a tsince ta. Masinja da mai shara sun fi son 'yar Hausa ta Kura, mai auki, ko da za a rege tsakuwa, kuma ba buhu suke iya ɗauka ba, kwano goma ne. Dokar gama-kai ita ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan ajiyarsa, amma a zahiri manya ne ke zama a kwamiti, kuma abin da suke ci a gidajensu shi ke zuwa musu a rai. Ni ina bayan ƙaramin ma'aikaci a nan. Mai babban albashi yana iya shiga kasuwar Singa ya ɗauki katan-katan da kansa. Wanda gama-kai ta zame wa dole shi ne wanda albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata. In ƙungiya ba ta yarda ta fasa buhu ta raba rabi da kwata ba, ta rufe masa ƙofa ke nan. Iri biyu na shinkafa sun isa. In aka biye wa son kowa aka kawo iri shida, kowanne kaɗan za a saya, ƙarfin ciniki ya tafi, kuma a ƙarshe wani irin zai kwana a sito. Tun da yawancin ƙungiyoyin ma'aikata bashi suke bayarwa ana cirewa daga albashi, ya kamata a bayyana kuɗin saye da kuɗin mota da ribar da aka ɗora, kamar yadda murabaha, wato cinikin da ake bayyana ribarsa a Musulunci, ta tanada, domin kowa ya san abin da ya sa hannu a kai.

Daga hannun wa za a saya? Ana yawan cewa a tsallake dillali a tafi wurin manomi kai tsaye. Maganar tana da daɗin ji, amma ba kullum take fita ba. Manomi ɗaya buhu biyar gare shi, na wancan irinsa daban, sai an bi ƙauye-ƙauye, ga kuɗin mota, ga shingayen karɓar haraji, ga hanyoyin da tsaro ya sa ba a bin su yadda aka saba a sassan Zamfara da Katsina. Dillalin kirki yana tara kaya iri ɗaya, kuma in an samu matsala akwai rumfar da za a koma. Ga gero da dawa, Dawanau ko Dandume sun wadatar. Inda zuwa wurin manomi ke biyan wahalarsa shi ne wake da gyaɗa, domin a nan sanin asalin kaya shi ne abin da ake saye. In za a ba ƙungiyar manoma kuɗi tun kafin girbi, a yi shi a kan ƙa'idar salam: iri sananne, awo sananne, rana sananniya, farashi na adalci. Kada ya rikiɗe ya zama ba-da-kaka, inda ake kama manomi a lokacin yunwa a karɓe amfaninsa a wulaƙance. Kuma in mai kawo kaya surukin shugaba ne ko ƙanin ma'aji, a faɗa a fili, shugaban ya fita daga zaman, a nemo farashin wasu a kwatanta. Wanda ya duba kaya kada ya zama shi ne mai biyan kuɗi. Ƙungiyoyi da yawa ba ƙwaro ne ya cinye su ba, irin wannan son kai ne.

Duk da haka tumatir ba haramun ba ne ga gama-kai; sito ne kawai bai kamata ya shiga ba. A Japan, mata kusan 200 a birnin Tokiyo sun fara haɗa kuɗi suna sayen madara tare a 1965, abin da ya zama ƙungiyar Seikatsu a 1968. Madara ta fi tumatir saurin lalacewa. Abin da ya riƙe su shi ne oda tun kafin a kawo kaya, da ƙananan rukunin maƙwabta da ke karɓa su raba a tsakaninsu nan take. Mu ma muna da irinsa, watanda: ba a yanka sa sai kuɗin kowane kashi ya shigo, kuma kafin azahar kowa ya ɗauki nasa. Haka za a yi da kayan gwari. A zaɓi tsakiyar rani, wajen Fabrairu da Maris, lokacin da Kadawa da Kura ke ambaliyar tumatir har manomi yana rasa mai saye. A karɓi kuɗi tukuna. A sa rana ɗaya, Asabar ta fi, mota ta taso da asuba, in da hali a zuba a akwatunan roba maimakon kwando don kada na ƙasa ya matse. A juye kowane kwando a gaban jama'a, a ware fasasshe a raba shi daidai a kan kowane kashi. A rubuta tun farko cewa wanda bai zo ba har la'asar an sayar da kasonsa a kan abin da ya samu. Mai son ajiya ya markaɗa ya tafasa, ko ya yanka ya shanya.

Daga Mayu zuwa tsakiyar damina kuwa, ƙungiya ta cire hannunta daga ɗanyen tumatir gaba ɗaya. Lokacin ne yake wuya da tsada, kuma lokacin ne annoba kan same shi, kamar a 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Abin da zai cike wannan giɓin tun rani ake sayensa: kauɗar tumatir, busasshen tattasai da barkono, busasshiyar kuɓewa, kuka da daddawa. Su ma sai an duba. Kauɗar da aka shanya a ƙasa a bakin titi tana zuwa da yashi da ƙurar mota, wadda ba ta gama bushewa ba kuma takan yi baƙi ta yi funfuna a cikin buhu. A nemi masu shanya a kan tabarma ko gado mai tsayi, a yi magana da su tun Janairu a kan adadin da ake so, a kuma biya su fiye da farashin ta ƙasa, in ba haka ba baɗi babu wanda zai sake wahalar shimfiɗa tabarma.